Atika Mai Sanarwar Rasuwa

Duk wanda ya bar Madarumfa ya tafi cin rani Najeriya ya san muryar Atika, kuma ba wanda ke son jin ta da sassafe. Ita ce mai karanta sanarwar rasuwa a Muryar Tabki, shafin labaran intanet da Mushe Lawali ya buɗe bayan ya bar koyarwa a lakwal, makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Gajeruwa ce, ga taurin kai kamar jakin da ya ga rijiya.

Aikin kuwa na gaggawa ne. Wanda ya cika da asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, gawa ba ta jiran kowa. Da an gaya mata sai ta ɗauki salula ta faɗi sunan mamaci, da ƙauyensu, da lokacin salla, ta saka a shafi. Ƴan cin rani ba duka suka iya karatu ba, kuma lambarsu kullum cikin sauyawa take, amma kunne kowa yana da shi.

Da Mushe ya gaji sai ya sayar wa wani kamfani na Yamai. Ba a shekara ba su ma suka sayar wa wani babba mai shafuka barkatai. Atika ta ce mini, "Saratu, an sayar da mu har da igiya, ba a ko tambaye mu ba." Sababbin masu shafin suka kafa doka: kome aka ɗauka sai darakta ya saurara a biro, wato ofishinsu na Yamai, ya yarda, sannan ya fita. Mutumin da bai taɓa ganin tabkinmu ba! Har yau abin na ƙona mini rai.

Wata Lahadi Hajiya Jummai ta Gabi ta rasu. Ɗanta ɗaya, Isma'ila, yana dako a Jibiya, lambarsa kuma ba ta shiga. Atika ta aika sanarwa Yamai, shiru. Ta kira darakta, ya ce biro a rufe yake, ta bari sai Litinin.

"Ranka ya daɗe, da azahar za a rufe ta," in ji Atika.

Ya ce, "Doka ce, madam. In kin saka da kanki, bakin aikinki."

Ta ce, "To, na ji."

A gabana ta saka. Na ce mata, "Ke, da me za ki ci da yara?" Ta ce in tashi in raka ta gaisuwa.

Muna zaune cikin mata a Gabi, an fito da makara, sai ga kabu-kabu a guje. Isma'ila ya diro tun bai tsaya ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani mai shayi ne ya kunna masa muryar a tasha. Maza suka buɗa masa, ya sa kafaɗa.

A lokacin saƙon kora ya shigo. Atika ta karanta, ta share hawaye da gefen mayafi, ta juya wajen matan da ke kusa.

"Daga yau in an yi rashi, gidana za ku zo. Shafin suka saya, bakina kuwa yana nan."