Ƙaguwar da na sato daga Nansha

Ranar wata Laraba ce cikin sanyi, ina shekara tara, malamarmu ta kai 'yan ajinmu tafkin bakin teku na Nansha, a ƙasar wajen da muke zaune, inda hukuma ta hana farauta da kamun kifi. Ni kaɗai ce baƙar fata a ajin, ga kunya, don haka na tsaya can baya a kan gadar katako ina kallon ƙasa. Ruwan teku ya janye ya bar taɓo mai sheƙi. Itatuwa na tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare wando, fararen tsuntsaye masu baki irin ludayi suna lalube a ruwa, wasu ƙananan kifaye kuma suna tsalle a kan taɓon. Can na hango wata 'yar ƙaguwa mai hannu ɗaya ƙato ja, ta hau gefen gadar. Malama ta ja mana kunne kada mu ɗauki ko ganye, amma na faki ido na jefa ta cikin gorar ruwana.

Gidanmu a unguwar Dengfeng ɗaki biyu ne a hawa na tara, tagoginsa duk ƙarafa, katan-katan na kayan da Baba zai tura Kano sun cinye rabin falo. A lokacin bizarsa ta ƙare, ana neman sabuntawa, ko bakin titi ba ya leƙawa. Ni ma daga makaranta sai gida. Da Umma ta ga ƙaguwar sai ta ce, "Wannan kunamar ruwan fa, a ina za ki ajiye ta?" Ta ba ni robar wanke-wanke. Mu da ba mu gaji teku ba, sai muka zuba ruwan famfo da gishirin miya, muka gutsura mata tuwo.

Ba ta ci ba. Takan lafe shiru, amma da wani lokaci ya yi sai ta tashi tana kartar robar, kullum tana ɗan ƙara jinkiri a kan na jiya. Na roƙi Baba mu mayar da ita. Ya daɗe tsugune yana kallonta, sannan ya ce, "Uwata, sai takarda ta fito." Kwana na shida ta daina karta.

Yanzu takarduna a hannuna suke, ina zuwa tafkin duk ranar da na so. A can na gane cewa lokacin janyewar ruwa ne ƙaguwar take tashi neman abinci. Tana hawa na tara cikin robar Umma, amma ba ta taɓa manta lokacin gidansu ba.