Buhu Biyu a Kan Gadar Kwari

Wata rana na tari keken Cindo zan je Ƙetare duba mara lafiya. Na shiga, na gyara zama, na ɗora ƙafa a kan wani buhu da ke ƙasa, a zatona masara ce.

Sai buhun ya motsa.

Jama'a, ni da ko kyankyaso na gani sai maƙwabta sun ji muryata! Ban san lokacin da na naɗe ƙafafuna a kan kujera ina salati ba.

Cindo, mai keken layinmu, ya waiwayo yana dariya.

"Kwantar da hankalinki, Anti. Maguna ne. Na Inna Barmani."

Bari in gaya muku wace ce Inna Barmani.

Tsohuwa ce mai suyar kifi a bakin layinmu. Ɗaki ɗaya take haya a gidan Alhaji Sallau tun mijinta na da rai. Ya rasu, ta ci gaba da zama. Ba ta da ɗa a garin nan, ba ta da wani wurin zuwa. A ƙofar gidan take kafa kaskonta, da shi take ci, da shi take sha.

Laifinta ɗaya ne: ba ta iya ganin mai rai yana kallonta da yunwa. In ta gyara kifi, sai ta zuba kai da hanji a wani tsohon faranti ta ce, "Mus, mus."

Da farko maguna biyu ke zuwa. Biyun suka haihu, 'ya'yan suka haihu, jikokin ma ba su yi sanya ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi yawa. Kuka kamar na jarirai a kan katanga, dambe a kan kwanon rufi, bola kullum a tone, silin mutane ya zama ɗakin haihuwa. Ni kaina sun taɓa ɗauke min naman da na soya wa baƙi, na yi ta masifa har muryata ta dishe.

Amma wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Alhaji Sallau. Mutum ne mai kiwon tantabaru, yana ji da su kamar me. Ranar da ya tarar da gashin 'yan shilarsa warwatse a tsakar gida, ko hula bai tsaya sawa ba ya fito.

A gaban jama'a ya ce da Inna, "Kafin a ga watan azumi, ko magunan nan su bar layin nan, ko ke ki bar min gidana. Ki zaɓa."

Wasu kuma suka fara ƙus-ƙus, wai ina aka taɓa ganin tsohuwar da dabbobi ke bi haka in ba da wani abu a ƙasa ba. Kun dai san irin maganar. Masu sayen kifi suka fara ja da baya. Wani ma ya kawo shawarar a barbaɗa shinkafar ɓera a kan kifin kowa ya huta.

Inna ta ce ko a titi za ta kwana, ba dai da hannunta ba.

Shi ne ta koma ga dabarar da muka taso muka tarar: a sa mage a buhu, a ɗaure bakin don kada ta ga hanya, a tsallaka ruwa da ita, a sake ta. Mutanen unguwarmu sun yarda in dai mage ta tsallake ruwa, ta tafi ke nan. Ruwan da muke da shi kuwa bai wuce kwarin da ya raba mu da Ƙetare ba.

Cindo ya ce min, "Wallahi Anti, tana kuka take ɗaure buhun. Na kai, na kai, har na gaji. Amma kamar ana ƙara su. In na kai wasu yau, kafin jibi sai ki ga baƙin fuska a kan katanga."

Muna wannan hirar muka iso gada.

Gadar kwarin nan 'yar siririya ce, abin hawa biyu ba sa wucewa tare. Muna hawa, sai ga wani dattijo mai farin gemu a kan mashin daga ɗaya ɓangaren, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya ɗaure buhu a baya da roba. Ban san shi ba. Har yau ma Baba Mai Buhu muke ce masa.

Aka yi cirko-cirko. Cindo ya ce Baba ya ɗan ja baya, Baba ya ce ai shi ya riga hawa.

Ana cikin haka, buhun da ke ƙasan kujerata ya ce, "Miyau."

Buhun bayan mashin ya amsa.

Cindo ya kashe keke.

"Baba, me ke cikin buhunka?"

Dattijon ya leƙa ƙasan kekenmu.

"Abin da ke cikin naka, ɗan samari."

"Ina za ka kai su?"

"Inda ka fito. Kai fa?"

"Inda ka fito."

Na yi dariya har mayafina ya zame.

Baba ya sauko ya ɗan sassauta bakin buhunsa. Wani jan muzuru mai ido ɗaya ya leƙo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ko a jikinsa.

Cindo ya dafe kai. "Innalillahi! Wannan ai da hannuna na kai shi Ƙetare!"

Baba ya ce, "Ni ma ba yau na fara mayar muku da shi ba. Ya fi ni sanin gadar nan."

Ashe mu muna kai musu, su suna kawo mana. Ana ta ƙona mai, ana ɓata buhu, maguna kuwa yawon buɗe ido suke sha kyauta, suna ƙara samun surukai a kowane ɓangare.

Dariyar ta maƙale min da na tuna Inna. Azumi na matsowa, ita kuma tana can tana zaton kowane buhu rage mata nauyi yake yi. Tausayinta ya kama ni sosai.

Na ce, "Baba, mu muna dariya, amma akwai tsohuwar da za ta rasa ɗakinta a kan wannan." Na kwashe labari na ba shi.

Ya shafa gemu ya ce, "'Yata, ku juya da naku, ni ma in juya da nawa. Ku gaya wa mai unguwarku mu zauna. Ina da jika likitar dabbobi, ta daɗe tana ce min buhun nan wahalar banza ce, ni kuma ina ce mata ta rufa min baki."

Mara lafiyar da zan duba dai sai washegari ya gan ni.

Aka zauna a inuwar darbejiyar bakin gada. Masu unguwa biyu, limamai, mahauta, mata, har da masu zuwa kallo. Jikar Baba, Dakta Yalwa, ta miƙe ta gaida manya, sannan ta yi bayani ba tare da dogon turanci ba.

Ta ce, "Iyayena, in kun kwashe waɗannan, abincin da suka bari yana nan, wasu za su zo su ci su haihu. In kun sa guba, kaji da awaki za su ci, yaro ma zai iya ɗauka, ɓeraye kuma su samu gari. Haihuwar ce za a tsayar. A kama su, a yi musu allurar barci, muzurai a fiɗiye su kamar yadda kuke yi wa bunsuru, matan a yi musu aikin da zai hana su ɗaukar ciki. In sun warke a mayar da kowace layinta. Kuka zai ragu, faɗa zai ragu, kuma su da kansu za su tsare wurinsu."

Wata mata ta ce, "To Likita, ta yaya za mu gane wadda aka yi wa?"

"Tana cikin barcin za a ɗan yanke tsinin kunne ɗaya."

Wani mahauci ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe shaidar awaki ce! Wannan ai ko kakata ta san ta."

Limaminmu ya ce wahalar da dabba ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, kuma in wannan aiki zai hana mu cutar da su, su ma ya hana su cutar da mu, to a yi bismillah.

Kowa ya amince, ban da mutum ɗaya.

Alhaji Sallau ya miƙe ya kaɗe riga. "Wato a kama su, a yi musu hidima, a dawo min da su ƙofar gida? Ku yi abin da za ku yi. Ni dai wa'adina yana nan."

Duk da haka aka fara.

Ranar farko samarin unguwa suka fito da ƙarfinsu, wai su gwanaye. Suka yini suna tsalle a kan katanga. Ko jela ba su kama ba, sai yaƙushi da suka kwaso a hannu da wuya.

Inna ta ce, "Ku matsa, 'ya'yan nan, kuna firgita su."

Ta kifa babban kwando, ta tokare shi da kara, ta ɗaura zare, ta ajiye kan kifi a ƙarƙashi. Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne ta ce, "Mus, mus."

Sai ga su suna fitowa kamar an buɗe makaranta.

Duk wadda kwando ya rufe, sai ta sunkuya ta ce, "Yi haƙuri, don lafiyarki ne."

Daga nan aiki ya kankama. Cindo ya daina ɗaukar buhu, ya koma ɗaukar kwando zuwa wurin likita. Aka yi karo-karon kuɗin magani a unguwannin biyu. Matan Ƙetare suka tsallako koyon dabarar kwando, Inna ma ta tsallaka ta taya su. Aka ɗauke farantin ciyarwa daga ƙofar Alhaji aka mayar wani kango a ƙarshen layi, mahauta na kai tarkacen nama, in an gama ci a ɗauke faranti. Masu zubar da sauran abinci a kwata suka ji kunya suka daina.

Kafintan layinmu kuwa sallama ya yi a gidan Alhaji, ya kewaye turken ɗakin tantabaru da langa-langa mai santsi yadda farce ba zai kama ba. Alhaji yana zaune a tabarma, ya juya baya kamar bai gani ba.

Ni kuma, kada ku yi dariya, zauren gidana ne ya zama ɗakin jinya. Ni da na naɗe ƙafa a keke, sai ga ni ina bin kwali-kwali da ruwan sha ina tambayar ya jiki.

Masu ƙus-ƙus ɗin nan fa? Su ne kan gaba wajen sallama. "Inna, don Allah zo ki kira mana wata, ta ƙi fitowa daga silin."

Sannu a hankali layi ya yi tsit. Babu dambe a kan kwano, babu sababbin jarirai a silin. Duk magen da ka gani a katanga, sai idonka ya fara zuwa kunnenta.

Amma Alhaji bai janye wa'adinsa ba.

Ranar da za a duba wata, da la'asar na shiga wurin Inna. Na tarar ta ɗaure kayanta a zani, ta kife kasko, tana zaune a kan ƙullin.

Na ce, "Haba Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Mutum da gidansa, 'yar nan. Cewa ya yi su tafi, ga su nan kuma ba su tafi ba. Gara in fita da ƙafata."

Raina ya ɓaci, har na fara gyara ɗaurin zani zan je in same shi.

Sai muka ji gyaran murya.

Alhaji Sallau ne, rungume da kwando ya lulluɓe shi da babbar rigarsa, bayan hannunsa duk yaƙushi.

"Inna, wannan muzurun baƙo ne, kunnensa lafiya lau. A bayan shagona na kama shi. A ba Cindo ya kai wa likita."

Idonsa ya sauka a kan ƙullin.

"Wannan kayan fa?"

"Wa'adi ya cika, Alhaji."

Ya ɗaga kai ya dubi tantabarunsa, 'yan shila sun yi layi a bakin ɗakinsu suna koyon tashi. Ya ajiye kwandon a hankali.

"Rabon da in rasa ɗan shila har na manta. In kin tashi, wa zai kira su su zo? Kwance kayanki, Inna. Ki yafe min zafin baki. Gobe in an kai azumi, ni zan fara sayen kifin buɗa-baki."

Jama'a, ban san na iya guɗa haka ba sai ranar. Matan gidan suka fito, maƙwabta suka leƙo ta katanga, Cindo yana waje yana ta danna hon bai ma san me aka yi ba. Inna tana kwance ƙulli, tana kuka, tana dariya.

Jan muzuru mai ido ɗaya kuwa yana kwance a kan katanga da guntun kunnensa. Tun daga lokacin bai sake hawa gada ba.

Darasi: Matsalar da ka ɗaure a buhu ka kai wa maƙwabcinka ba ta ƙare ba, shi ma yana can yana ɗaure tasa zai kawo maka. Da guba aka sa, da an ɗauki alhaki. Da aka zauna wuri ɗaya, kowa ya kawo abin da ya iya, tantabaru sun tsira, maguna sun tsira, tsohuwa ta kwana a ɗakinta. Kuma kafin ku kori wanda kuke ganin shi ne matsalar unguwa, ku duba da kyau, wataƙila a hannunsa maganin yake.

Ku tura wannan ga mutanen ƙetarenku tun kafin ku haɗu a kan gada.