Hoton da Ya Ƙaryata Yaya Habu

Bana shekara arba'in da tara ke nan da rasuwar yayana Habu, masunci a fadamar Haɗeja, kuma har yau ban huce ba.

Ciwon ciki ne ya cinye shi a tsaye. In ya ci abinci ya sha wuya, in bai ci ba abin ya fi muni. Kullum da ƙullin kanwa a aljihunsa, yana tsotsa a cikin kwalekwale. A shekarun da arzikin fetur ya fara shigowa aka kai shi Kano. Likitoci suka ba shi wani farin ruwa mai kauri ya sha, suka ɗauki hoto, suka ce ba komai.

Wannan "ba komai" ta riga shi isowa gida. Da ya kasa kai azumi, aka ce da gangan yake sha. Ranar da aka fita su, in ya durƙusa a bakin ruwa riƙe da ciki, sai a ce raggo ya fara. Surukinsa ya ce masa a gaban jama'a, "Habu, likitocin birni ma ba su ga komai ba, sai kai?" Ni ƙanwarsa na tanka, aka ce ba ni da kunya.

Bara irin ciwon ya kama ni. Aka zura mini bututu mai kyamara ta maƙogwaro har tumbi. Likitar ta ce a ido lafiya lau yake, amma ta tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero ta aika a duba. Sakamako ya nuna bangon tumbin ya daɗe a kumbure. Ta ce, "Hajiya, kyamarar ma takan wuce shi ba ta gani ba."

To ina masu cewa gani ya kori ji? Idon da ya shiga har ciki ya kuskure, balle na mazauna gindin bishiya. Da Yaya yana raye dariya zai yi, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi mai haƙuri ne. Ni ranar rabon haƙuri ba na nan.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya bar mana shi ne, a gidanmu duk wanda ya ce yana ciwo an yarda da shi. Ranar da ya yi aman jini ya cika, ana ɗaga makara na ji wani a zaure ya ce, "Ashe dai da gaske yake." Allah Ya jiƙan Yaya. Wancan kuwa na gane muryarsa, kuma har ya bar duniya ban sake gaishe shi ba.