Gawon da na sare a gonar Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne mahaifina, Malam Ishaku, a Ƙauran Namoda. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo ne a cocinmu, kuma manomi ne irin wanda in ya fara zancen gero sai tuwo ya huce a kwano. Duk shekara 'yan'uwana kan ce in rubuta wani abu a kansa, ni kuwa in yi ta kwana-kwana. Bana na rubuta, sai dai ba yabon da suke jira ba ne. Akwai maganar da ya kamata in faɗa wa Baba yana da rai, ban faɗa ba.

Gonarmu tana kan hanyar Zurmi, kuma akwai manyan itatuwan gawo a cikinta. Wanda bai san gawo ba, itace ne mai taurin kai. In damina ta sauka, kowace bishiya ta yi kore, shi lokacin yake kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Sai rani ya yi, komai ya bushe, sannan ya yi ganye ya yi 'ya'ya. Shi ya sa mutane ke masa ba'a, wai ya ƙi ruwan Allah.

Baba ba ya son wannan ba'ar ko kaɗan. Ya ce ba ƙin ruwa gawo yake yi ba, tuɓe rigarsa yake yi don geron da ke ƙarƙashinsa ya sami rana. In an gama girbi kuma, lokacin da dabba ba ta da abin sawa a baka, sai ya shimfiɗa mata abinci da inuwa. "Wa ya koya wa itace wannan hali?" haka yake tambayarmu. A wurinsa gawo yana nuna Ubangijin da ya yi shi, yana kuma tuna masa da Almasihu, wanda ya ajiye ɗaukakarsa don wasu su rayu. Har a coci in aka ba shi wa'azi, ko daga ina aka tashi sai ya ɓulla gona, mu 'ya'yansa mu sunkuyar da kai muna dariya ƙasa-ƙasa.

Abokin wannan hirar tasa shi ne Baffa Buba, wani Bafulatani daga wajen Gurbin Bore, da yake sauka da shanunsa a gonarmu kowane rani. Shanu su ci 'ya'yan gawo, gona ta sami taki. Shi Musulmi, Baba Kirista, kowa ya san inda suka rabu, ba su kuma taɓa ɓoye wa juna ba. Amma sun yarda a kan abu guda: wanda ya ga sawu a yashi ya san wani ya wuce. Baba kan ƙara da cewa sawun ba shi ne mai tafiyar ba, don haka itacen ba abin bauta ba ne, manuni ne kawai.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na dawo daga makaranta da takardar malamin gona, daidai lokacin da ciwon ƙafa ya hana Baba hawa keke, gonar ta dawo hannuna. Na ɗauko hayar tarakta. Direban ya dubi itatuwan ya ce shi ba zai yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya ba. Ban shawarci kowa ba, na kira masu yin gawayi, cikin kwana uku suka kwantar da su duka. Na gaya wa kaina zan sanar da Baba in amfani ya yi kyau, don buhuna su yi magana a madadina.

Amfanin bai yi wani abin kirki ba, ni kuma bakina ya yi nauyi. Duk Lahadi in an tashi daga sujada Baba zai ce, "Bitrus, yaushe za ka kai ni in ga gonar nan?" In ce hanya ba kyau, ko babur ba lafiya, ko rana ta yi zafi. Wani lokaci ya tambaye ni ko gawon ya fara ganye, na ce ya fara. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce to madalla. Wata bakwai muna haka, har ya rasu. Na yi kuka kamar kowa, amma ina jin kunyar faɗa, a can ƙasan zuciyata har da 'yar ajiyar zuciya, wai ya tafi bai sani ba.

Da zai dawo yau, ban san me zai ce ba. Gonar ma yanzu sai an yi shahada ake zuwa, saboda halin da dajinmu yake ciki. Buhunan gawayi sun yi layi a bakin titi, tsakanin Ƙaura da Shinkafi akwai wuraren da ido zai yi tafiya bai gamu da inuwa ba. Abin dariya kuma, ni ɗin nan yanzu aikina ne in tara manoma in ce musu su bar gawo a gonakinsu, yana gyara ƙasa. Ina faɗa da kalmomin ofis abin da tsohon nan ya faɗa mini a kyauta.

Bara na gamu da Baffa Buba a kasuwar dabbobi ta Shinkafi. Ya tsufa, shanun ma 'yan kaɗan suka rage masa. Bayan gaisuwa na ce masa abu guda nake gode wa Allah a kai, Baba bai ga abin da na yi wa gonarsa ba. Ya juya sandarsa a hannu.

"Ɗana, ai ya gani," in ji shi. "Ranin da munka iso munka iske hili, ni nat tahi gida nah hwaɗa mishi. Yac ce in samo mota in kai shi. Kai kana wurin aiki. Ya zamna bisa kututture har rana ta karkata."

Na ce, "Baffa, to me ya sa bai yi mini magana ba?"

"Ni ma haka nac ce mishi. Yac ce, bar shi, Buba. Itace ma da lokacin hidda ganyenai. Zai zo ya hwaɗa min da bakinai, in yahe mishi, ya samu sauƙi. Kak ka amshe mishi wagga dama."

Ashe duk tambayar nan ta ranar Lahadi ba gona yake son gani ba. Ƙofa yake buɗe mini, ni kuma ina rufewa da zancen babur.

In ana lissafin abin da mutum ya bari, Baba bai bar gidan sama ba, itatuwan da yake alfahari da su ma ɗansa ya mai da su gawayi. Abin da ya rage shi ne idon da ya ba mu. Har yau ba na iya wuce gawo a hanya ban tuna da wanda ya yi shi ba, kuma yanzu na san haƙurin da yake ta nuna mana a jikin itace, shi ma irinsa ya yi da ni. Na gaskata Ubangiji ya gafarta mini. Amma gafarar da Baba ya tanada, ya riƙe mini wata bakwai a hannunsa, ban je na karɓa ba.