Kawu Guduma Ya Koma Aji

Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin kafinta, rana ɗaya ya rufe shago, ya miƙa wa ƙanensa mabuɗi, ya ce shi makaranta zai koma. Zanen gine-gine yake so ya koya, don ya gaji da yara masu takarda suna nuna masa da yatsa inda zai buga ƙusa.

Matarsa ta ce, "Baban yara, da wannan furfurar?"

Ya ce ai furfura a waje take, ba ta shiga ƙwaƙwalwa. Ta ce Allah Ya sa, ta ci gaba da shanya.

Ranar farko ya zauna a layin gaba, biro uku a aljihu kamar mai sayarwa. Bencin na rawa. Yaran ajin ko a jikinsu, shi kuwa duk motsi sai ya ji kamar haƙorinsa ke girgiɗi. Washegari ya zo da guduma a jakar littattafai, minti biyar ya gama. Aka yi masa tafi, wata 'yar siririya ta ce, "Kawu Guduma, Allah Ya bar mana kai." Sunan ya zauna daram, har ya fi bencin.

Labari ya kai ofis. Ana tsakiyar darasi sai masinja ya leƙo: "Shugaban sashe na kiran kafintan nan." Yau kantar littattafai ce ta karkace, gobe ƙofar banɗaki, jibi durowar wani malami ta cije. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana cewa "an gama, yallaɓai", bakinsa bai san hanyar a'a ba. Yakan dawo da garin katako a gira, ya tarar an goge allo, takardar sa hannun halarta ta zagaya ta tafi.

Wani ɗan ajin ya ce, "Kawu, bari in riƙa sa maka hannu mana." Ya ce bai zo da girmansa ya yi ha'inci ba.

Saura mako biyu jarrabawa aka liƙa sunayen waɗanda ba za su zauna ba saboda fashin aji. Shi ne na huɗu. Shekara guda ta tafi ke nan.

Ya sami shugaban sashe. "Yallaɓai, duk ranakun nan ai a ofisoshinku nake."

Shugaban ya jingina a kujerar da ta daina ƙara, ya ce, "Malam, doka ce. Ɗaure ka muka yi? Babba da kai, kai ya kamata ka san abin da ya kawo ka."

Bai faɗa wa matarsa ba. Kullum sai ya ɗauki jaka ya fita, ya zauna ƙarƙashin bene yana bita, ko za a tausaya.

Ana gobe jarrabawa, da hantsi, masinja ya zo. "Ana nemanka a zauren jarrabawa." Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya taɓa birukansa. Har tuntuɓe ya yi a matakala.

"Yauwa," in ji shugaban. "Tebur har guda goma sha ɗaya ke rawa, kuma gobe ƙarfe takwas za a fara. Ka san yaran yanzu, abu kaɗan sai ya hana su rubutu."

An riga an rubuta lambar kowane ɗalibi da alli a kan teburinsa. Ya bi layi da ido. Arba'in, sai arba'in da biyu; tasa, arba'in da ɗaya, babu.

Ya durƙusa, ya kama ƙafar teburin farko ya jijjiga.

"Wannan sai an sake masa ƙafa, yallaɓai."

"To, yi sauri."