Rakiya a Ƙarƙashin Motar Shanu

Parakou

Gari bai waye ba muka bar unguwarmu Guéma a kan zem, babur ɗin haya, zuwa tashar mota, ni da Rakiya 'yar yayata, mai shekara biyar. Bikin suna za mu je a Djougou. Ni malamar ƙananan yara ce, Rakiya kuma a ajina take. A makon nan na koya musu masu yi wa jama'a hidima: ungozoma, mai shara, 'yan kwana-kwana, ɗan sanda. A aji ta fi kowa ɗaga hannu. Amma a gida, kakarta Inna magana ɗaya take da ita: “Ci tuwo, ko in kira jandarma.”

A hanya

Na jingina da taga, farin wata na bin motarmu kamar masoyin da ya kasa ban kwana. A shingen farko wani ɗan sanda ya leƙo. Direba ya yi dariya ya ce, “Shef, ga mai ƙin cin tuwo nan, ku tafi da ita.” Kowa ya dara. Rakiya ta cusa kai cikin mayafina har muka wuce.

Djougou

Hantsi muka sauka. Na tsaya sayen cuku na tsaraba, na juyo, babu Rakiya. Na kira sunanta har muryata ta dishe. 'Yan sanda uku suka zo suka bazu cikin tasha, suna busa usur, suna kiranta. Ba su gan ta ba. Manyan motoci na shiga suna fita, kowace taya sai ta bi ta kan zuciyata.

Babbansu, dattijo mai furfura, ya dube ni. “Malama, da mu ake tsorata ta a gida?”

Na gyaɗa kai.

“To tana jin mu. Gudunmu take yi.”

Ya sa aka daina usur, ya hana kowace mota motsi, ya shiga leƙa ƙarƙashinsu. A ƙarƙashin wata motar shanu da direbanta ya riga ya tayar, ya hango ɗan silifa ja, dab da tayar baya.

Aka kashe injin. Na durƙusa ina roƙonta, ta ƙi, idonta na kan takalmansa. Sai dattijon ya cire hula da takalma, ya kwanta rub-da-ciki a kan kashin shanu.

“Rakiya, an ce ke ce gwanar aji. Na manta aikina. Tuna mini.”

Can muka ji ƙaramar murya: “Ɗan sanda... yana mai da yaro wurin uwarsa.”

“Yauwa. To zo in yi aikina, kada a kore ni.”

Ta rarrafo ta kama yatsansa. Daga nan muka wuce gidan suna.

Gida

Washegari da magariba muka iso Guéma lafiya, mun gode wa Allah da bawansa wanda ko sunansa ban tambaya ba. Aka zuba tuwo, Rakiya ta ture kwano. Inna ta fara, “Ci, ko in kira...”

“Kira shi, Inna,” in ji Rakiya. “Ya ce in ya zo Parakou, tare za mu ci.”