Hoton da Aka Ɗora a Shafin Bikina

Da aka sa ranar aurena, sai na buɗe ɗan shafi nawa a intanet, saboda danginmu sun warwatsu a garuruwa. Na rubuta ranar kamu da ta ɗaurin aure, na sa hoton anko da kwatancen gidanmu a Ƙofar Dumi. Na kuma bar wurin da kowa zai ɗora addu'a ko hoto.

Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, kuma ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Biki ya matso, na shiga shafin don in ga masu zuwa, sai na tarar da wani tsohon hoto. Amarya ce da lalle a hannu tana dariya, wata budurwa tana gyara mata mayafi. Wata dattijuwa a Zungur ce ta sa 'yarta ta ɗora shi. A ƙasa an rubuta: "Wannan mahaifiyarki ce ranar bikinta. Ni ce a gefenta."

Na kai wa Baba wayar a shagonsa na dukanci. Ya ajiye fatar da yake ɗinkawa, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Baba, ita ce?"

Ya ce, "Ita ce, 'yata. Haka take dariya."

Washegari ya rufe shago muka tafi Zungur. Dattijuwar ta riƙe fuskata da hannu biyu tana hawaye, ta ce idanun ƙawarta ne sak. Ita ta zaunar da ni ta yi mini nasiha ranar biki, ita kuma ta raka ni ɗakin mijina.